Ƙorafin Mushe Markus a Kan Siffar Barnaz da Aka Ƙwace a Hanyar Tamaske

Daga: Markus Barmo, malamin kimiyyar halittu a koleji, Gundumar Buza
Zuwa ga: Mai Girma Supirefe, shugaban Gundumar Keita
Litinin, 18 ga Afrilu, 1994

Game da: ƙwace kayan koyarwa a shingen binciken da ke tsakanin Keita da Tamaske, da ɓata sunan mai kayan

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan alheri ga Mai Girma da masu taya shi riƙon ƙasa, mai wannan ƙorafi, wanda yara da iyayensu suka sani da Mushe Markus, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, yana neman izinin gabatar da kukansa. Shekararsa goma sha huɗu yana riƙe da alli, bai taɓa taka ofishin hukuma da ƙara ba. Yana sanar da Mai Girma tun daga farko cewa rabin laifin da za a karanta a nan nasa ne. Ɗaya rabin ne ya kawo ƙara a kansa.

1. A watan Mayu na 1993, ƙanen matarsa mai suna Sulemanu, wanda ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin mishan da ke yankin Madawa, ya kawo masa wata tsohuwar mujallar kimiyya da likitoci suka gama da ita. A ciki akwai hoton siffar wani anzim mai suna barnaz. Anzim, ranka ya daɗe, ɗan ƙanƙanin ma'aikaci ne a jikin halitta, kowane da aikinsa. Wannan dai wata ƙwayar bakteri ce ta cikin ƙasa take ƙera shi, aikinsa kuwa yayyanka zaren da muke kira ARN, mujallar kuma take rubuta shi RNA, wato zaren da ke ɗauke da saƙon gado zuwa inda ake ƙera furotin, sinadarin gina jiki. Shi anzim ɗin kansa sarƙa ce mai gaɓa ɗari da goma, wadda ta naɗe kanta: wuri uku ta murɗe kamar igiya, wuri ɗaya ta jeru layi biyar kamar saƙar tabarma, aka bar tsaga inda zaren ARN ke shiga a datse shi. Mai ƙorafi ya daɗe yana faɗa wa yara cewa siffa ita ce aiki, suna kallonsa kamar mai wa'azi da yaren aljannu. Sai ya ƙudura zai gina musu abin, su gani, su taɓa.

2. Hoton da ke cikin mujallar biyu ne a jere, kusan iri ɗaya. Sulemanu ya ce ya ji likitoci na cewa in mutum ya haɗa su da ido, sai su zama ɗaya mai zurfi, gaba da baya su fito. Mai ƙorafi ya harɗe idanunsa kamar harara-garke, ga mamakinsa kuwa abin ya taso daga takarda. Wata goma ya yi yana wannan harara. Ya ƙona tsofaffin tayoyi ya zare wayarsu, ya huda ƙwallon magarya ɗari da goma ya jera, ya yi layukan nan biyar da kaba. Maiɗakinsa Abigail ta kai shi asibiti sau biyu a kan ciwon kai. A karo na biyun aka ce mata idonsa lafiya lau, sauran kuma sai addu'a. Da aka gama, abin ya kai masa ƙirji, ya kuma kore tulun ruwa daga rumfa. Ya ɗauki hoto da shi a wurin mai hoto na bakin kasuwar Buza, da hannu ɗaya a kansa kamar mai ingarman doki.

3. Ranar Alhamis, 24 ga Maris, 1994, ya ɗora kayan a saman motar haya zuwa Tawa, inda za a yi baje-kolin kayan koyarwa ranar Asabar. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka tsayar da motar a shingen da aka ambata a sama. Mai ƙorafi ya san halin da ƙasa ke ciki game da tawaye a arewa, bai ga laifin bincike ba. Shugaban shingen, wani mai kaki da ya ji ana kira Alƙasim, ya sa aka sauko da abin, ya kewaye shi sau biyu. Domin gaskiya ta tabbata, ga maganar kamar yadda aka yi ta a gaban fasinja goma sha bakwai. Ya ce: "Mushe, mi ne wanga?" Da a ce mai ƙorafi yana da hankalin akuya, da ya ce kayan wasan yara ne, da yanzu zance ya mutu. Amma wata goma ke nan yana jiran wani ya yi masa wannan tambaya. Ya gyara tsayuwa ya ce sunansa barnaz. Alƙasim ya ce: "Ɓarna?" Mai ƙorafi ya ce a'a, ko da yake in an duba da kyau aikinsa ke nan. Aka tambaye shi ɓarnar me. Ya ce, da murya irin ta aji, har na bayan mota suna ji: "Saƙo yake tarewa ya yayyanka shi kafin ya isa inda aka aike shi." Ya ƙara da cewa asalinsa daga wata mujallar ƙasar waje ne, kuma ƙwayar da ke yin sa tana nan ko'ina a cikin ƙasa, ido ba ya ganin ta. Direba ya sauke jakar mai ƙorafi ba tare da kowa ya ce masa ya sauke ba, ya ja motarsa.

4. An tsare shi awa biyar a gindin aduwa, an rubuta sunansa da na mahaifinsa a babban littafi, an kuma riƙe kayan a matsayin "eriyar tare saƙon hukuma". Ba a ba shi takardar shaidar ƙwacewa ba, wannan shi ne ginshiƙin ƙararsa. Ba a taɓa lafiyarsa ba, an ma ba shi fura. Adalci ya sa dole ya rubuta cewa a cikin awoyin nan Alƙasim ya matso ya tambaye shi, in har abin yana yanka saƙo, me ya hana shi yanka na ƙwayar da ta ƙera shi? Ranka ya daɗe, a shekara goma sha huɗu babu ɗalibin da ya taɓa yi masa tambaya mai kyau kamar wannan. Ya bayyana masa cewa ƙwayar tana ƙera wani furotin na biyu, barsitar, wanda ke toshe tsagar kamar kube a kan wuƙa har sai anzim ɗin ya fita waje. Alƙasim ya jinjina kai, ya buɗe littafinsa ya ƙara rubuta cewa akwai na'ura ta biyu da ba a kama ba.

5. Baje-koli ya wuce ba da shi ba. Wannan ƙarami ne. Labari ya riga shi isa Buza, ya same shi ya yi ƙiba. Yanzu ana kiransa Mushe Eriya. Magidanta uku sun cire 'ya'yansu daga ajinsa, a cikinsu akwai yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, wadda ya yi fatan za ta zama likita. Idan Abigail ta iso bakin rijiya sai hira ta ɗauke, matan da suka shekara goma suna karɓar haihuwar juna da ita su shiga gyaran guga. Abin da ya fi masa zafi ke nan. Ita ba ta ƙona taya ba, ba ta huda magarya ba, ba ta buɗe baki a shinge ba.

6. Ranar Alhamis, 31 ga Maris, ya koma shingen da wasiƙar shugaban makarantarsa. Ya tarar an rataye abin a reshen aduwar nan, an ɗaura masa siririyar waya zuwa akwatin rediyon masu gadi. Alƙasim ya tarbe shi da fara'a, ya ce tun da suka haɗa shi suke kama tashoshin da ba su taɓa ji ba, garau ba shuu, don haka maganar cewa ba eriya ba ce ta ƙare. Mai ƙorafi ya saurara. Yana baƙin cikin tabbatar wa Mai Girma cewa gaskiya ne, rediyon na fita tangaran. Ya dawo gida hannu rabbana.

7. Saura abin da ya so ya ɓoye, Abigail ta ce in ya ɓoye ba za ta bari a kai takardar ba. Ranar Lahadi, 10 ga Afrilu, bayan sujada, Sulemanu ya haɗa shi da wata likita baƙuwa a asibitin mishan, domin ta rubuta shaidar cewa abin na kimiyya ne. Ta karɓi hoton da aka ɗauka a Buza, ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Ta yaba aikin ƙwarai. Sannan a hankali, kamar mai sanar da rasuwa, ta tambaye shi yadda ya kalli hotunan mujallar. Ya harɗe idanu ya nuna mata. Ta ce irin waɗannan ba a harɗe musu ido, sakin ido ake yi kamar mai hangen nesa. Wanda ya harɗe, gaba za ta koma masa baya, baya ta dawo gaba. Murɗin anzim na gaskiya dama yake bi, na mai ƙorafi duka ukun hagu suka bi. Wato ya yi wata goma, da ciwon kai, da hayaƙin taya, yana gina abin da Ubangiji bai halitta ba. Likitar ta rubuta shaidar, tana nan haɗe da wannan takarda. Ta ce kayan koyarwa ne, ba ta ce daidai ne ba.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙon Mai Girma, cikin ladabi:

Na farko, a ba da umarnin mayar masa da kayansa, domin ya warware su ya sake murɗawa ta inda ya dace. Zai kawo wa masu gadi waya mita goma madadinsu, ya kuma ɗaura musu da hannunsa.

Na biyu, a soke sunansa daga littafin shingen, a ba shi takarda mai hatimi wadda za a karanta a Buza ranar kasuwa, cewa shi malamin makaranta ne mai yawan magana, ba ɗan leƙen asiri ba, ko yaran nan uku sa dawo aji.

Na uku, kada a hukunta Alƙasim. Abin da aka faɗa masa ya rubuta.

Idan kuwa hukuma ta ga ba za ta iya rabuwa da kayan ba, to mai ƙorafi yana tunatar da Mai Girma cewa, iya saninsa, wannan ce kaɗai siffar barnaz daga Madawa har Tawa, tana rataye a bakin hanya, kowane matafiyi yana ganin ta, kuma ƙarya ce. A yi wa ilimi alfarma a rataya madubi a gefenta, domin a cikin madubi ne kawai take daidai. Shi zai kawo madubin.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya ba shi haƙurin karanta takardun irinsu mai ƙorafi. Yana jiran amsa da dukan biyayya, idanunsa a sake.

Mai tawali'u a gabanka,

Markus Barmo
Malamin kimiyyar halittu, Buza

Abin da aka haɗo: hoto ɗaya, wasiƙar shugaban makaranta, shaidar likita.