Tattabarun Shehmus

Litinin, 14 ga Disamba, 2015
An sake sa dokar hana fita. Motar soja ta zaga unguwa tana shela da Turkanci. Surukata Daye Hezal, wadda Kurdanci kaɗai take ji, ta ce, "Me suke talla?" Na ce mutuwa, Daye, kuma da araha.

Laraba, 16 ga Disamba
Ba wuta, ba ruwa. Mun koma ɗakin ƙasa. Mijina Shehmus ba mu ne a gabansa ba, tattabarunsa ne da ke kulle a keji saman rufi. Tun aurenmu nake fama da kashin tsuntsayen nan!

Juma'a, 18 ga Disamba
Wai zai hau ya buɗe musu kawai. Na ce akwai maharbi a dogon benen can, ko tankin ruwa bai ƙyale ba. Ya ce, "Haba Nefel, ƙishirwa fa za ta kashe su." Na ce su mutu mana. Na wuni zaune bakin matakala na tare hanya.

Asabar, 19 ga Disamba
Banɗaki kawai na shiga, ya haye. Harbi ɗaya na ji.
Ya dai buɗe kejin.

Litinin, 21 ga Disamba
Yana can sama. Daga matakala ina hango ƙafarsa, safa ɗaya ta zame. Na ɗaura farin ɗankwali a sanda na ɗaga, suka harbe sandar. Na kira motar asibiti, wai mu fito da shi bakin titi.

Laraba, 23 ga Disamba
Shegun tattabarun sun ƙi tafiya, ba su san wani gidan ba. Sai su sauka kusa da shi, su tashi fir, maharbin ya ga motsi ya buɗe wa rufin wuta. Duk a jikinsa. Kowane harbi sai Daye ta ce, "Wayyo ɗana," kamar yanzu aka kashe shi.
Na tsane su. Shi ma na tsane shi, Allah Ya yafe mini.

Juma'a, 25 ga Disamba
Na barbaɗa ragowar tsakin alkama a matakala. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, har da farar da yake ba abinci a tafin hannu. Ko gudu ba su yi ba. Na yanka, na fige, na dafa. Daye ta kau da kai daga tukunyar, can kuma ta miƙo kwano.
Ashe ɗaya ta rage. Muna ci ta tashi, aka sake harbin rufin. Sai da na ga Daye ta zuba mini ido na lura ban daina tauna ba.