Murhun da Ya Ƙi Ci

Asabar, 4 ga Rajab
Sa'ud ɗana ya kafa mini wani murhu a saman soro, wai in huta da gawayi. Ba ya cin itace irin namu, sai ƙwayoyin garin katako da aka dunƙula, kamar kashin awaki. Lantarki ke tura masa su, fanka na hurawa. Ni da na shekara arba'in ina gasa tsire a unguwar Misfala ta Makka, yau inji zai koya mini wuta. To.

Litinin, 6 ga Rajab
Ya ƙi ci. Harshen wutar ja, malalaci, hayaƙi kamar ana ƙona taya. Kaji biyu sun fito baƙi ƙirin, ciki ɗanye. Lujain matar Sa'ud ce ke share shi, sai na ce, a gaban mijinta da baƙinsa, wadda ba ta iya kwashe toka ba ina za ta iya riƙe gida. Hausarta kaɗan ce, amma wannan ta ji shi. Ta ce, "Hadir, ya Ammi," wato "To, Baba," ta sauka.

Talata, 7 ga Rajab
Lujain ta tafi gidan mahaifiyarta a unguwar Shisha. Wai ziyara. Da babbar jaka.

Laraba, 8 ga Rajab
Na hau ni kaɗai bayan La'asar. Na tsokane ramukan kaskon wutar da tsinken tsire, ɗaya bayan ɗaya, tas suke. Fanka na juyawa. Bututun hayaƙi ba abin da ya toshe shi. Ƙofa na rufuwa ruf. Yarinyar nan ta share shi fiye da yadda zan share.
Sai na tura hannu cikin buhu. Ƙwayoyin sun kumbura, suna wargajewa kamar dambu. A jiƙe suke.
Ni ne. Ranar da aka kawo buhun na yayyafa masa Zamzam, kofi biyu cike, yadda nake yi wa kowane sabon buhun gawayi tun zamanin babana. Gawayi bai taɓa kai ƙarata ba.

Alhamis, 9 ga Rajab
Na gaya wa maiɗakina Sa'adiya. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Alhaji, ka yi wa itace alwala, sannan ka ce ya kama wuta?" Na ce albarka na nema. "Ai ya samu, wuta ta haramta gare shi."
Da ta huce ta ce, surukar taka fa? Na ce Sa'ud zai sanar da ita. Ta ce ba daga bakin Sa'ud maganar ta fito ba.

Juma'a, 10 ga Rajab
Ban je Shisha ba. Gwiwa.

Asabar, 11 ga Rajab
Shisha, a tasi. Mahaifiyarta ta kawo gahawa ta zauna, ta ƙi tashi. Na faɗi laifina da Larabci don kada kalma ɗaya ta kuɓuce, har da kofi biyun. Lujain ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka ba ne ko dariya. Ta ce za ta dawo, amma sabon buhu a sito zai zauna, makulli a hannunta. Na ce daidai.

Lahadi, 12 ga Rajab
Ita ta kunna. Harshe rawaya, a tsaye, ba hayaƙi. Na tambaye ta wane maɓalli ke rage iska. Don dai in gwada ta ne. Ta nuna mini sau biyu.