Kabewar Takarda a Chicago

Chicago, 24 ga Oktoba

Ƙanwata Herminia,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya maigidanki da yaran?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Ɗana Rogelio dai ya ga ya dace ya riƙa ajiye ni a gidan yinin tsofaffi kafin ya wuce aiki. Jiya aka raba mana takarda ruwan lemo da almakashi da gam, wai mu yi kabewar bikin Halowin. A yanka siri-siri, a haɗa bakunan, a liƙa mata idanu. Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi a garinmu Atlixco. Mai kula da mu ta dafa kafaɗata ta ce, "Kaka, gwada mana, ai ba wuya." Na ce, "Ban haifi uwarki ba. Malam ake ce mini." Na ture kayan.

Ma'aikatan gidan sun ce taurin kai ne, na bar su a haka. Ke kaɗai zan faɗa wa: almakashin ne ya ƙi zama a hannuna, sau biyu yana faɗuwa. Idan Rogelio ya ji, ba zai bar ni in hau jirgi ni kaɗai in dawo gida a Disamba ba, ni kuwa ba za a binne ni a garin nan ba. Ki kama bakinki.

Ki kai wa kabarin Inna furanni ranar tunawa da matattu. Ki share mini ɗakina.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayanki,
Anselmo