Ledar da ke cikin takinmu

Naziru, kada ka ajiye wasiƙar nan sai ka karanta wa kowa. Ina gaida Babanku da ƙanwarka Ramlat. Ƙafata da sauƙi, hankalina ne ya ƙi kwanciya.

A sakandaren da nake girki nan Legas, malamar kimiyya ta tace ruwan rafi gaban ɗalibai, ta kira ni na leƙa madubinta mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Ɓurɓushin leda ne fal, ido ba ya gani. Sai na tuna takin jujinmu da kuke kaiwa gona da ledojinsa, damina ta kora su rafin da kuke sha. Kai da ka yi makaranta, ba kunya?

Allah ya yi muku albarka. Ni mahaifiyarka Maijidda na ce: daga yau, jaki ba zai ɗauki taki ba sai an tsince ledar tas.