Kada Maƙera Su Taɓa Akori-kurata

Legas, 1982

Zuwa ga ɗana Habila,

Gaisuwa mai yawa. Ina Rahab da yara? Auduga ta buɗe a Tsiga?

Ina lafiya, gwiwa ce kawai ke ƙorafi wajen wankin mota. Tsofaffin motocin Turai uku gare shi, maigidana. Jar cikinsu wai babu irinta a ƙasar nan, amma ko buhun masara ba ta ɗauka.

Na ji za ka ba maƙera akori-kurata su yi garemani. Ban yarda ba. Duk sanda nake goge jar nan, tawa nake gani, cike da auduga, marigayiya mahaifiyarka a gaba, muna gangarawa Funtua. Kujerar da take zama tana nan. Ka kori kajin da ke kwana a cikin motar, ka rufe ta da zana.

Ubangiji ya tsare ku.

Babanka,
Bitrus