Wa Ya Rage Wa Injin Baba Gudu

Zuwa ga Yayana Mai-Ƙugi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da wayoyinka da suka fi kayan sawarka yawa. Direba ya kawo min saƙonka: takarda, da memori, da 'yar na'urar ɗaukar sauti mai hular gashi. Gwaggo ta gan ta a kan tabarma ta ɗauka ɓera ne, da ƙyar na ƙwato ta daga ƙarƙashin takalminta.

Na saurari sabon kiɗan naka. Na gyara zama ina jiran a fara, ina ta jira, sai kawai ya ƙare. Yaya, kai da kake danna fiyano a gidan biki har tsofaffi su manta da ciwon gwiwa, yau abin da kake yi bai wuce kukan firjin mai shagon layinmu ba. Firjin ma ya fi ka, don shi akwai ruwan sanyi a cikinsa. Da a makarantarmu ne yaro ya ja harafi ɗaya haka ya ƙi saki, malam zai ce ya tashi ya wanko fuska.

Tunda ka daina kiran gida, bari in ba ka labari. Kunnen Baba ya ƙara nauyi. Likita ya ce ƙarar injin niƙa ce ta cinye shi, ɗan abin da ya rage ma tafiya yake yi, kuma ba ya dawowa. Yaya Babba ta zo daga gidanta ta kulle shagon niƙan Baba, ta jefa makullin a jakarta. Tun ranar Baba bai zauna wuri ɗaya ba. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ya tsaya ya kalli shagon a tsallaken layi, ya dawo, ya zauna, ya miƙe. Ni ma kallonsa ya hana ni zama.

Ka ce in ɗaukar maka sautin gidanmu. Na ɗauka, yana cikin memorin nan. Sauti ne mai zurfi irin wanda kake so, sai ka saurara da natsuwa.

Na bar ka lafiya. Ƙaninka da ka fi so don ba ka da wani,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaida kowa da kowa, ina gaida Gwaggo musamman, don minsharinta ne ka cika min memori da shi. Ka zaci ba zan gane ba? A ɗakinta na yi yarinta. Amma ka yi asarar tsokana. Na rage masa gudu, na shimfiɗa wani siririn sauti a kansa, ya koma kamar ruwa yana shiga kogo yana fita. Na fi so in saurare shi fiye da rabin abin da na buga a gidajen biki.

Ka ce ka jira a fara. Ba a jiransa, Auta, shigarsa ake yi kamar ɗaki. Ka taɓa lura da lokacin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka gane ashe tun ɗazu tana yi maka wani abu a kunne? Wannan abin nake bi. Da na fara jin masu irin wannan kiɗa, waɗanda ke ɗauko ƙugin taransifoma da ɗigar famfo su ja su su lanƙwasa su da na'ura, sai na ga ashe na san shi tun ban san sunansa ba. A shagon Baba na san shi. Ina ƙarami nakan kwanta a kan buhuna injin yana aiki, in ji shi a bayana da haƙorana. In Baba ya kashe shi, akwai wani shiru da ke biyo baya wanda har yau ban iya haɗa irinsa ba.

Ranar da zan tafi Baba ya ce na bar sana'a na bi hayaniya. Tun ranar magana ba ta haɗa mu ba. Labarin kunnensa ya hana ni aiki, in kunna na'ura in kashe, in fita in dawo. Ina so ya ji abu ɗaya da na yi kafin kunnen ya rufe.

Ka ɗaukar min injin, daga tayarwa har ya tsaya, kada ka yanke shirun ƙarshe. Wannan karon ban da wasa.

Allah ya ba Baba lafiya. Yayanka

*

Yaya Mai-Ƙugi,

Sallama da gaisuwa. An yi aikinka, sai ka shirya kare ni a gaban Yaya Babba.

Na je gidanta da fuskar tausayi na ce ɓeraye sun tare a shagon, har sun fara cin bel ɗin injin. Ta ce, "Auta, kalle ni." Na kalle ta. Ta ce, "Duk ranar da fuskarka ta yi kyau haka, ƙarya ce a bakinka." Na ce to a bari su cinye, ai ba nawa ba ne. Ina kaiwa ƙofa ta wurgo min makullin.

Da hantsi na buɗe. Garin da ya kwanta a kan injin har ya yi ɓawo. Na zuba mai, na ajiye 'yar mai gashin a kan buhu yadda ka ce, na juya hannun tayarwa har kafaɗata ta kusa fita. Ya yi tari, ya ƙi, ya sake tari, sannan ya kama. Kafin ka ce me, matan layi sun fito da kwanukansu, sun ɗauka an dawo aiki. Mai aski ma ya bar kan mutum rabi ya leƙo.

Ni kuwa idona na kan ƙofar gidanmu. Na gama shirya gudu, don na san Baba zai fito da sanda. Yaya, bai fito ba. Injin da ake ji har bakin titi, shi yana tsallaken layi bai ji ba. Na kashe, na bar shirun ya yi tsawo yadda ka ce, na shiga gida na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya.

Ya daina yawon nan na ɗaki zuwa ƙofa. Da nakan ce yawon ya dame ni. Yanzu shi nake nema.

In za ka yi abin nan ka yi sauri, kada ka ja shi kamar yadda kake jan kiɗanka.

Naka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Labari ya iso gare ni tun kafin Auta ya dawo da makulli. Ban yi mamakinsa ba, mamakinka na yi. Ƙara ce ta kashe wa mahaifinmu kunne, ni na riƙe hannunsa a gaban likita, kai kuma maganin da ka gano shi ne ka aiko masa da wata ƙarar. Ban yarda a sa masa komai a kunne ba, ko na'ura ko waya. Na faɗa wa Auta, na faɗa wa Gwaggo.

Ban ce abin da kake yi ba aiki ba ne, ban fahimce shi ba ne kawai. Amma mutumin nan ba ya cin abin kirki, ba ya magana. In kana da abin faɗa masa, mota tana zuwa garin nan kullum.

Allah ya shirye ku, ku biyun. Yayarka

*

Auta,

Gaisuwa. Yaya Babba ta yi gaskiya, kada a sa masa komai a kunne. Ga kiɗan da na haɗa wa Baba a cikin memori. Ka aro babbar sifikar mai aski, ka ɗora ta a kan katakon gadon Baba, ka rage murya ƙasa sosai. Na cire duk ƙarar nan mai soka kunne, na bar ta ƙasa kawai, wadda jiki ke ji. Na rage wa injin gudu ƙwarai don a ji kowane bugu shi kaɗai, yadda nake jin sa ina kan buhu barci yana ɗaukata. Sauran abin da ke kai, fiyano ne da na ja har ya daina kama da fiyano.

Kada ka ce nawa ne sai ya ƙare. In ya juya baya, ka kashe, kada ka rubuto min ƙarya don ka faranta min.

Game da mota, na je tasha na dawo. Ban san da wace fuska zan shiga ba.

Yayanka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Zauna kafin ka karanta, in kana iya zama.

Mai aski ya ba da sifika da sharaɗin in kawo masa kaina ya gwada sabon aski, ka ga irin sadaukarwar da nake yi maka. Yaya Babba ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta ce in ta ji abin ya yi ƙarfi da sifikar da ni za ta fitar. Gwaggo ta kawo kujera.

Na ɗora a ƙarshen gado na kunna. Baba na kwance, fuskarsa a bango. Abin ya fara, gum, sai a daɗe, gum. Babu abin da ya motsa. Har na kai hannu zan kashe, sai na ga yatsun ƙafarsa sun dafa katakon gadon. Ya janye ƙafar, ya mayar. Sannan ya juyo ya tashi zaune, ya lalubo sifikar ya kwantar da tafin hannunsa a kanta, irin yadda yake dafa injin in yana son sanin lafiyarsa.

Ya ce, "Wa ya taɓa min inji?"

Ya ce, "Gudunsa ya faɗi. Wannan mutuwa zai yi. Wane marar hankali ne ya bar shi yana ja haka?" Ya sauko yana neman takalmi. Ya miƙa wa Yaya Babba hannu ya ce, "Makulli." Ta buɗe baki za ta kawo zancen likita, ya ce, "Ke, makulli." Wallahi ban taɓa ganin jakar nan ta buɗu da sauri haka ba.

Ya tsallaka layi muna biye da shi. Ya buɗe shago ya dafa injin, ya ji shi sanyi ƙalau. Ya tsaya. Ya juyo ya kalle ni, don a gidan nan in abu ya rikice ni ake kallo. Na matsa kusa da kunnensa na dama na ce, "Aikin ɗanka ne. Ɗaukar sautin aka yi, shi ya mayar da shi kiɗa."

Sai ya ce, "Shi ya rage masa gudun?" Na ɗaga kai. Ya ce, "Yaron nan tun yana ƙarami ba ya barin abu yadda ya same shi." Sannan ya ce a ɗauko sifikar.

A kan buhu ya zauna, hannu ɗaya a kan sifika, ɗaya a kan injin, ya bi shi tun daga farko. Ni dai har yanzu ban ji inda aka fara ba. Da aka zo ƙarshe, inda bugun ke raguwa har ya tsaya, bai ɗauke hannun ba sai da shirun ya ƙare. Ya ce, "Nan ya iya. Haka yake tsayawa."

Yanzu kullum yana shago. Ba ya tayar da shi, an yi wannan yarjejeniya da Yaya Babba, amma ya kwance shi yana wankewa, kuma a can ake kai masa abinci, kwano na dawowa ba komai. Ya ba ni saƙo, ga shi yadda ya faɗa: "Ka ce masa ya zo ya mayar masa da gudunsa."

Na isar. Ƙaninka mai rabin aski,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wannan takarda da ni mota ɗaya za mu shigo, na ba direba ne don ta riga ni sallama.

Ka ce wa Baba gudun ba zai koma ba, da gangan na yi. Ya tanadar min buhu ɗaya a shago, in zauna mu yi gardamar.

Wannan iskar da ke shiga tana fita a ƙarƙashin bugun injin a kiɗan kuwa, minsharin Gwaggo ne. In ka faɗa mata, ni da kai ne.

Yayanka