Man Riɗina a Tankin Injin Zarto

Naziru angona,

Ga ta nan, ga ta nanka. Ba ka nan, na amsa da kaina.

Maƙwabcinmu Wada ya zo yanke reshen dalbejiyar da ya tsage a kan ɗakina. Ya yi ta jan igiyar tsohon injin zarton kakanka, ko tari bai yi ba. Ya goge buji, wato fulogi, shiru. Da ya buɗe tanki, tir da wari! Ashe man riɗina ka gauraya da banzin, wato fetur, tun bara. Wada ya ce, "Hajja, inji ne wannan ko tukunyar miya?"

Ka wanke tankin, ka yanke reshen nan kafin hadari ya taso.

Wada ya tafi da ciwon kafaɗa, injin yana zaure, ni kuwa na gudu gidan ƙawata Hajjo da tabarmata, kada reshen ya faɗo mini.

Kakarka Asha